'Yata ta kife sau biyu a tseren jiragen iska na makarantarsu, in cire ta ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a jihar Meriland ta Amurka, kusa da Anafolis. 'Yata mai shekara 15 ta shiga ƙungiyar tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska ta makarantar sakandarensu. Ita ce a gaba, wata ƙawarta ke tuƙi. Ranar Asabar aka yi gasarsu ta farko, ina tsaye a bakin ruwa na ga jirginsu ya kife har sau biyu, na biyun ma cikinsa ne ya koma sama. Su suka zo na ƙarshe. Ta dawo tana rawar ɗari amma tana cewa za ta ci gaba, ni kuwa tun ranar ban yi barcin kirki ba. Kocinsu ya ce wai ba komai. In cire ta ne? In kuma za ta zauna, me ya kamata ta sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya ta, Ya yi mata albarka. Kada ki cire ta saboda abin da kika gani ranar Asabar. Sai dai "ba komai" ɗin da koci ya ce miki bai isa amsa ba. Akwai komai, amma ba a inda idonki ya tsaya yake ba.

Duk wanda ya taso a gida, in ya ga jirgi a kife, abin da ke faɗo masa a rai shi ne irin na Bagwai a Nuwamban 2021, inda ɗaliban Islamiyya suka rasu a dam ɗin Watari, ko na Patigi a Yunin 2023, inda mutum fiye da 100 suka halaka suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu. Irin waɗancan jirage na katako ne, akan yi musu lodi fiye da kima, fasinjoji ba su da rigar ceto, yawanci ba su iya ruwa ba, kuma babu mai kawo ɗauki a kusa. Jirgin 'yarki wata halitta ce daban. Kusan tabbas ɗayan biyu ne, ko Club 420 ko FJ, don da su makarantun Amurka ke tseren mutum biyu. Na farkon ya samo asali ne daga jirgin da wani Bafaranshe, Christian Maury, ya zana a 1959, tsawonsa mita 4.2. FJ kuwa daga ƙasar Holan yake, ya ɗan fi shi gajarta. Dukkansu gefunansu tankunan iska ne a toshe, kamar goran da masunta ke kwanciya a kai a Argungu, ko an danna shi cikin ruwa sai ya taso. Jirgin zai kwanta, zai kife, amma ba zai nutse ba.

Kifewar ma a cikin ƙirarsa take. Manyan jiragen iska suna da dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsu, shi ke miƙar da su in iska ta kwantar da su. Wannan ba shi da ko ɗaya. Nauyinsa wajen kilo 100 ne, ƙyallayensa biyu sun kai murabba'in mita 10, jigon da ke riƙe da su kuma ya kai mita 6. Abin da ke hana iska kayar da shi kawai jikin yaran nan biyu ne, sun saƙala ƙafa a maɗauri sun kwanto da bayansu a kan ruwa. Ita kuwa iska ba ta ƙara ƙarfi daidai da gudunta. In gudunta ya ninka biyu, turinta ninki huɗu yake yi. Iskar da ke gudun kilomita 18 a awa in ta taso ta kai 26, nauyin da ke kan ƙyalle ya riga ya ninka biyu, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi hakan ke faruwa. Masu zuwa Olamfik ma suna kifewa a gaban kyamara. Yarinyar da ta kife sau biyu a gasarta ta farko, ta miƙar da jirgi sau biyu, ta kuma kai layin ƙarshe, ni a wurina ta yi abin a yaba mata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinki shi ne rawar ɗarin nan. Makarantu suna tsere sau biyu a shekara, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai kuma daga Maris zuwa Mayu. Na Maris ɗin shi ne mai yaudara. Rana za ta fito, iyaye su tuɓe rigunan sanyi a bakin ruwa, alhali ruwan Cesafik, mashigin tekun da ke kusa da ku, bai kai digiri 10 a ma'aunin Selsiyus ba. Ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki da sauri ninkin iska wajen sau 25. Da zarar mutum ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba, zai ja wani dogon numfashi ba da son ransa ba, sannan haki ya biyo baya. In kansa na cikin ruwa a lokacin wannan jan numfashin, ruwa zai shaƙa, kuma gwanin iyo ma bai tsira daga wannan ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, ya taƙaita lamarin da 1-10-1. Minti ɗaya na farko na daidaita numfashi ne, kada mutum ya yi komai sai riƙe abu da jiran hakin ya lafa. Minti goma na biye su ne lokacin da hannu da ƙafa ke iya aikin kirki kafin su sage. Sannan akwai kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali, muddin akwai rigar ceto a jiki.

Wannan goman na tsakiya shi ne nake son 'yarki ta riƙe. Miƙar da jirgi aikin yatsu da damtse ne, su ne kuma sanyi ke fara kashewa. Yaro zai gwada sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kowane gwaji ya fi na baya rauni, shi kuma zuciya tana ce masa saura kaɗan. Yaran da nake koyarwa dokarsu ke nan a ruwan sanyi: in an gwada sau biyu jirgi bai tashi ba, a ɗaga hannu a kira jirgin ceto. Zagayen tsere ɗaya ne aka rasa, za a sake buga wani bayan minti ashirin.

Tufafi kuwa ba wurin tsimi ba ne. Kada ta sa komai na auduga, ko a ciki, don auduga in ta jiƙe riƙe ruwa take yi a jikin fata. A watannin sanyi tana buƙatar rigar robar nan mai kama jiki da ke riƙe ɗumi, ko kuma wadda ruwa ba ya shiga cikinta sam, da takalmin roba da safar hannu. In tana sa hijabi, ki saya mata na wasanni, mai kama kai, wanda ba shi da jela kuma ba a sa masa fil, a cusa ƙasansa cikin riga. Mayafi mai yawo ko doguwar riga mai faɗi ba su da wuri a cikin jirgin da ko'ina igiya ce da ƙarfe. A mota kuma ki ajiye mata busassun kaya da tawul da shayi a fulas, ta canza da zarar ta fito, domin jiki yakan ci gaba da yin sanyi na ɗan lokaci bayan an bar ruwa.

Maganar igiya ita ce haɗari na biyu, kuma shi ne wanda ya taɓa cin rai kusa da ku. A Yunin 2011, a kogin Severn da ke Anafolis, wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu ana cikin atisaye da Club 420. Jirgin ya kife ciki sama, ƙugiyar ɗamarar da ake ratayawa da ita a gefen jirgi ta maƙale, ta kasa fitowa. Hukumar US Sailing mai kula da tseren jiragen iska a Amurka ta binciki lamarin, kuma bayan nan wuraren koyar da yara da dama sun sake duba yadda suke shirin ceto. Gara ki ji wannan daga bakina da ki tsince shi a hirar iyaye a bakin ruwa. A tseren makarantu galibi ba a amfani da wannan ƙugiya, wannan sauƙi ne babba, amma sauran igiyoyin suna nan, ga maɗaurin ƙafa, ga igiyar takalmi, ga dogon gashi da ba a ɗaure ba. Hukumar RYA, takwararta ta Birtaniya, ta taɓa tattara rahotannin mutanen da suka maƙale a ƙarƙashin jirage, ta gano cewa hanya mafi sauri ta ceto ita ce a miƙar da jirgin nan take, ba a tsaya nutso ana lalube ba. Shi ya sa nake ɗaukar iya miƙar da jirgi a matsayin abin da ke gaba da iya tuƙa shi.

Jirgi ba ya komawa ciki sama haka kawai. Sau da yawa mutum ne ke kai shi. In ya kwanta a gefe, mai tsoron ruwa yakan maƙalƙale gefen da ke sama daga ta ciki, nauyinsa kuwa sai ya ja jigon ya nutse. Ina kyautata zaton abin da ya faru a kifewarsu ta biyu ke nan. In ta ga jirgi ya tafi, babu dawowa, ta zare ƙafa daga maɗauri ta sulale cikin ruwa da ƙafafu, tsakanin jikin jirgi da bum, wato sandar da ke kwance a ƙasan babban ƙyalle. Kada ta faɗa kan ƙyallen. In ta tsinci kanta a ƙarƙashin ƙyalle, ta tura shi sama da hannu ɗaya, ta bi ɗinki guda har bakinsa, ba ta riƙa juyi tana neman hanya ba. In kuma jikin jirgin ne ya rufe ta, yawanci akwai 'yar iska a ciki da za ta ishe ta ta ja numfashi ta shafa jikinta ta ji ko igiya ta naɗe ta. Daga nan ta kama bakin jirgin ta ja kanta ƙasa ta fice, don rigar ceto sama take tura mutum, ba za ta bar ta ta nutse da sauƙi ba. Wannan abu ne da ya kamata ta taɓa yi da gangan a ruwa mai ɗumi, koci na tsaye a kanta, kafin ranar da zai zo mata ba shiri.

Kada kuma ta taɓa sakin jirgi. Jirgin da ke kwance a gefe iska tura shi take yi, kuma a rana mai iska yana tafiya da saurin da mai rigar ceto ba zai cim masa da iyo ba. Ko igiya ce, ko maɗauri, ko allon tuƙi, hannu ɗaya ya kasance a kan wani abu. Gaɓar da ake hange kuwa kullum ta fi yadda ido ya ƙiyasta nisa, kuma masu ceto jirgi suke hange daga nesa, ba kan mutum ba. In bum ya buge ta a ka har ta ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, ta gama tsere na ranar, sai likita ya gan ta. Wasu ƙungiyoyin suna sa wa yara hular kwano saboda wannan, ni kuma ina goyon bayansu.

To, yadda ake miƙarwa. Abu na farko murya ce, kowace ta kira sunan 'yar'uwarta ta ji ta amsa. Ba a taɓa komai sai an ga kai biyu a saman ruwa. Daga nan wadda ta fi nauyi, yawanci mai tuƙi, ta zagaya ta bayan jirgi tana riƙe da shi har ta isa ga allon da ke fitowa ta ƙarƙashin jirgin, ta kama shi da wuri. Kama allon nan da sauri shi ke hana jigo nutsewa. 'Yarki kuma tana ta ciki, aikinta uku: ta tabbatar allon ya fita gaba ɗaya, ta kwance igiyar babban ƙyalle da ta ƙaramin daga maƙalansu, ta sassauta igiyar da ke danne bum. In aka bar igiyoyin nan a ɗaure, ƙyalle zai taso da ruwa a cikinsa, nauyin ya fi ƙarfin mai ja, in ma ya tashi to da iska a cikinsa zai tashi ya tsere ya bar su. In ta gama sai ta kwanta a ruwa a jikin jirgin, kanta na duban gaba, ta riƙe maɗaurin ƙafa sako-sako ba tare da ta ɗora nauyinta ba, ta ce ta shirya. Ita kuma ta wajen ta hau allon, ƙafafunta kusa da jikin jirgi don kada allon ya karye, ta kama bakin jirgin ko igiyar ƙaramin ƙyalle da aka jefo mata ta sama, ta kwanta baya. Ba a tsalle a kan allo, ba a fizga. Ƙyalle a hankali yake rabuwa da ruwa, sai ka ga kamar ba abin da ke motsi, can sai ya saki gaba ɗaya. Yayin da jirgin ke tasowa zai kwaso 'yarki ya jefa ta ciki, ita ce za ta daidaita shi, sannan ta kamo ƙawarta ta kafaɗar rigar ceto ta jawo ta ciki ta baya ko ta gefen da iska ke fitowa. Yara biyu da suka saba suna gama wannan cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka.

Akwai tarkon da ke kama sababbi. In jirgi ya faɗi jigonsa na nuna inda iska ke fitowa, da zarar ƙyalle ya ɗago iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta wurga jirgin ya sake kifewa ta ɗaya gefen, a kan wadda ke jan allo. Mai kallo daga gaɓa sai ya ƙirga kifewa biyu, alhali ɗaya ce ba a gama da ita ba. Maganinsa ko dai a ja goshin jirgin ya fuskanci iska kafin a ɗaga, ko kuma wadda aka kwaso ta yi wuf ta kai nauyinta gefen da ke tasowa.

In ya riga ya koma ciki sama, sai haƙuri. Su biyun su hau bakin jirgin ta gefe ɗaya, su kama allon, su kwanta baya su jira, don ƙyallen yana ratso ruwa ne daga zurfin mita 6. In allon ya zame ya koma cikin raminsa, sai a ɗauko igiyar ƙaramin ƙyalle ta ɗaya gefen, a ratso da ita ta kan cikin jirgin a ja da ita. A ruwanku akwai ƙarin matsala: wurare da yawa na Cesafik da kogunansa ba su kai tsawon jigon zurfi ba, kuma ƙasan laka ce. Kan jigo yakan cake a lakar. A nan hawa kan jirgi ƙara cusa shi yake yi, har ya lanƙwashe. Sai a sauka, a juya jirgin da iyo har jikinsa ya koma gefen da iska ke tafiya, iskar da kanta ta zaro shi. In ya ƙi, aikin jirgi mai inji ne.

Game da gasar kanta, dokokin tsere sun san da kifewa. Jirgi yana cikin hukuncin wanda ya kife daga lokacin da kan jigonsa ya taɓa ruwa, kuma wajibi ne sauran jirage su kauce masa in da hali, har sai ya dawo hayyacinsa. Ba a korar kowa don ya kife. Sharaɗin kawai shi ne su biyun su dawo ga jirginsu kafin su ci gaba da tafiya zuwa alama ta gaba cikin alamomin da jirage ke zagayawa a kan ruwa, ba a barin mutum a ruwa a ce a dawo a ɗauke shi. In jirgin koci ne ya ɗaga musu jirgi, a ƙa'ida sun karɓi taimakon waje, sai su janye daga wannan zagayen, sai dai in takardar umarnin gasar ta faɗi wani abu daban, don haka ta riƙa karanta ta. Taimakon wanda ya ji rauni ko yake cikin haɗari kuwa doka ta halatta shi. Dokar farko ma a littafin gaba ɗaya ita ce a taimaki duk wanda ke cikin haɗari, kuma wanda ya tsaya ya taimaka yana iya neman a mayar masa da matsayin da ya rasa. Ki gaya mata wannan, don wata rana ita ce za ta wuce ta ga kai ɗaya kawai a gefen jirgin da ya kamata a ga biyu.

Lissafin maki kuma yana da nasa darasi. Tseren makarantu, wanda ƙungiyar ISSA ke kula da shi tun 1930, gajeru ne, zagaye ɗaya minti 15 zuwa 20, a yi da yawa a rana, kowace makaranta da rukunin A da na B, a haɗa makinsu. Na ɗaya maki 1, na biyu maki 2, mai ƙarancin maki shi ya ci, kuma galibi ba a yafe wa kowa zagayen da ya lalace masa. A ce jirage 18 ne. Wanda ya kife ya lallaɓa ya zo na ƙarshe yana da 18, wanda ya janye 19. Bambancin maki ɗaya ne, shi ya sa ban yarda yaro ya kashe kansa da sanyi a kan maki ɗaya ba. Amma ranar da iska ta kayar da ku, ba ku kaɗai ta kayar ba. In jirage shida suka kwanta, wanda ya tashi cikin minti ɗaya ya kwashe ruwan cikinsa yana tafe, zai iya tsintar kansa na 12 ko na 13. A irin wannan rana saurin tashi ya fi dabarar tuƙi kawo maki. Ta tabbata jarkar da aka yanke don kwasar ruwa a ɗaure take da igiya, in ba haka ba ita ce ke fara tafiya.

Rage kifewar kuwa rabinsa a hannun 'yarki yake, ko da ba ita ke tuƙi ba. Iska ba ta zuwa a ɓoye. Kafin ta iso, za a ga wani duhu-duhu yana rarrafowa a kan ruwa, kuma ta gaba ce ke da idon ganinsa, don mai tuƙi hankalinta na kan ƙyalle. Ta riƙa faɗa da ƙarfi, ga ta nan, uku, biyu, ɗaya, su kwanta waje tare kafin ta buga, mai tuƙi ta ɗan saki igiya, jirgi ya miƙe, sannan ta sake ja. Igiyar babban ƙyalle a hannu take zama a rana mai iska, ba a maƙale ta. Abin da 'yan gaba da yawa ba su sani ba shi ne ƙaramin ƙyallensu kaɗai ya isa ya kayar da jirgi. In mai tuƙi ta saki nata duka, ita kuma ta riƙe nata tamau, goshin jirgin zai kauce wa iska ya ba ta gefe, daga nan sai ruwa. In bugun ya yi tsanani ita ma ta saki kaɗan. Kafin su zagaya alamar da ke ɓangaren da iska ke fitowa su juya wa iska baya, ta sassauta igiyar danne bum, in ba haka ba ƙarshen bum zai caki ruwa, ƙyalle ya ƙi buɗewa ko an sake shi.

Mafi yawan kifewar gasa a tafiyar da iska ke bayansu take faruwa, musamman wurin juyin da bum ke tsallakowa daga gefe zuwa gefe da ƙarfi. A nan hankali yakan ba mutum shawarar banza, ya ce a rage gudu tukuna. Akasin haka ne. Lokacin da jirgi ke tsananin gudu shi ne lokacin da iska ta fi sauƙi a kan ƙyalle, don yana tafiya tare da ita, a nan ake juyawa, kuma in an fara ba a fasawa a tsakiya. In jirgi ya fara rangaji hagu da dama, alamar an saki ƙyalle ya wuce kima ne, a ɗan jawo shi, a ƙara sauke allo. Akwai kuma wata hanya da yara ke jin kunyarta: maimakon a juya ta ƙeya, a zagaya ta goshi, a bi doguwar hanya. Ana rasa tsawon jirgi uku ko huɗu. Ni dai ga sababbi biyu a iska mai ƙarfi ita nake zaɓa musu ba tare da wani dogon tunani ba, ko da 'yan sauran makarantu za su yi dariya.

Nauyi ma yana da nasa tasiri. Jiragen nan sun fi daɗin tuƙi in nauyin mutum biyun ya kama tsakanin kilo 110 zuwa 140. 'Yan mata biyu marasa jiki a rana mai iska suna fama da abin da ya fi ƙarfinsu komai iyawarsu, shi ya sa koci kan sauke ta gaba ya sa mai nauyi in iska ta tashi. In an yi mata haka kada ta ɗauka raini ne, ranar da iska ta kwanta ita za a nema.

Saura abin da ke wuyanki, Hajiya. Ki koma wurin kocin, ba da faɗa ba, ki tambaye shi ko an gwada iyon 'yarki kafin a sa ta a jirgi, da kaya a jikinta, ba a kan takarda ba. Ki tambaye shi sau nawa ita da ƙawarta suka kifar da jirgi da gangan suka miƙar, har da na ciki sama. Ki ji jiragen ceto nawa ke kan ruwa lokacin atisaye, ko akwai wuƙar yanke igiya da rediyo a cikinsu, da kuma sanyin ruwa ko ƙarfin iskar da in an kai shi yake hana sababbi fita. Ki duba rigar cetonta da hannunki: ki kama kafaɗun ki ja sama, in ta taso ta rufe mata kunne ta yi mata yawa. Kocin da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin nan, amsarsu tana bakinsa. In kuwa ya tsaya kame-kame, ko ya ce yara a cikin gasa suke koyon kifewa, to a nan ina tare da ke, ki dakatar da ita daga wannan kakar. Tsakanin Anafolis da Baltimo akwai wuraren koyar da yara tuƙi da dama, yawancinsu suna buɗe ajin hutu a watan Yuni, lokacin da ruwa ya yi ɗumi. Ta je can ta kifar da jirgi da gangan har abin ya zama mata jiki, sannan ta koma ƙungiyar makaranta a Satumba.